Labarin Yadda A Ke Gina Zuciyar Mara Lafiya Cikin Kwamfuta, A Gwada Ta Kafin A Taɓa Ta Jikinsa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ajiye wa ɗan Adam zuciya a ƙirji, ya hore mata aiki dare da rana ba tare da neman izinin mai ita ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, wannan bayani ne a kan wata sana'a da ta bayyana a manyan asibitoci da jami'o'in Turai da Amurka da Japan. Watau a ɗauki hoton zuciyar mara lafiya yana raye, a gina kwatancinta cikin kwamfuta da tsawo da faɗi da kauri, sa'an nan a sa kwatancin nan ya buga, jini ya gudana cikinsa bisa lissafi, a gwada masa magani ko wuƙa tun ba a taɓa ta ainihi ba. Abin da ya sa mas'alar ta isa a tsaya a kanta shi ne, bisa abin da kwatancin ya nuna a kan yanke shawara: wannan a yi masa aiki, wancan a ƙyale shi ya koma gida. In kwatancin ya dace, an tsirar da mutum daga wuƙar da ba ya bukata. In ya karkace, an sallami mai haɗari yana murna, iyalinsa suna yi masa barka.

Damuwar ba sabuwa ba ce. Zuciya gaɓa ce wadda ba ta yarda a dube ta tana cikin aiki. In an buɗe ƙirji don a gani, an dagula abin da a ke son gani. In an jira mai ita ya cika, ta tsaya. Jalinusu, babban likitan Yunanawa wanda ya yi zamani a ƙarni na 2 na Miladiyya, ya ce akwai waɗansu 'yan kafofi da ido ba ya gani a jikin bangon da ya raba ɗakin dama na zuciya da na hagu, ta nan jini ke tsattsafowa ya ƙetare. Maganar nan ta yi shekara dubu ana karantar da ita, malami ya ba almajiri, almajiri ya ba nasa. Sai Allah ya kawo Ala'uddini Ibnu Nafis, mutumin Sham wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya zauna Alƙahira, likita kuma masanin fiƙihu a mazhabar Shafi'iyya, har yana da talifi a kan usulul hadisi. Wajen shekarar 1242 ya yi sharhi a kan sashen ƙirar jiki na littafin al-Ƙanun na Ibnu Sina. A ciki ya nuna bangon nan mai kauri ne, ba kafa a jikinsa, bayyananniya ko ɓoyayya, kuma jinin ɗakin dama huhu ya ke zuwa, ya gauraya da iska, kana ya komo ɗakin hagu. Ya kuma saɓa wa Ibnu Sina a wurare biyu: cewa manyan ɗakunan zuciya na ƙasa biyu ne ba uku ba, da cewa ba daga jinin da ke cikin ɗakinta zuciya ta ke samun abinci ba, daga 'yan jijiyoyin da suka ratsa namanta ne. A gabatarwar littafin ya faɗi cewa shari'a da tausayi sun hana shi tsaga gawa.

Ya rasu a 1288. Wannan gyara nasa ya ɓace wa masu tarihin likitanci har 1924, sa'ad da wani likita Bamisire mai neman ƙarin ilmi a Jamus, Muhyiddin at-Tatawi, ya tarar da kwafin sharhin a ɗakin littattafai na Barlin. Tsakanin nan, a 1628, William Harvey na Ingila ya riga ya bayyana kewayen jini a jiki duka. Ibnu Nafis dai cikin kansa ya gina zuciya, da hujja, ya gyara wadda ya gada. Aikin masu sabuwar sana'ar nan ke nan, sai dai su suna da hoto da lissafi.

Ɗaukar hoton

Ganin cikin mutum mai rai ya faro a 1895, da wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano hasken eksire. Amma hoton eksire inuwa ce kurum, irin inuwar mutum a jikin bango, gaba da baya sun taru wuri ɗaya. A 1971 aka ɗauki hoton mara lafiya na farko a Landan da na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera, wadda a asibiti a ke kira siti. Ita kewaya jiki ta ke yi tana harba hasken ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa lissafin ta fito da hoton yanki guda, tamkar an yanka mutum a gicciye an duba, alhali ko ƙwarzanensa ba a yi ba. Ma'aunin duhu da hasken hoton da sunansa a ke kiransa: ruwa yana kan 0, iska tana 1,000 ƙasa da sifiri, ƙashi kuwa ɗaruruwa sama, har ya kan wuce 1,000. Shi da Allan Cormack aka ba lambar Nobel a 1979. Bayanta na'urar maganaɗisu ta zo, wadda a ke kira em-ar-ai, daga aikin Paul Lauterbur da Peter Mansfield a shekarun 1970. Ita ba ruwanta da eksire, kuma ta fi gwanintar bambanta lafiyayyen nama da mai tabo.

Zuciya kuwa ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto. Tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana guda, watau zambar ɗari, tana tura jini misalin lita 5 kowane minti. Saboda haka a kan manna wa mara lafiya wayoyi a ƙirji, na'ura ta riƙa bin bugun, ta ɗauki hoto a daidai lokaci guda na bugun, galibi sa'ad da zuciya ta saki ta ɗan natsu. A kan ce ya riƙe numfashi. A kan ba shi maganin da zai rage saurin bugun. A kan ɗura masa ruwa mai aidin ta jijiya don jini ya fito fari fat a hoton siti, ya rabu da nama. Abin da ke fita shi ne yanki-yanki ɗaruruwa, kaurin kowane misalin rabin milimita, kowane da ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance. In aka jera su bisa juna, kamar warƙoƙin littafi cikin tadarishi, an sami tulin 'yan tubala miliyoyi, kowane da lambarsa ta haske ko duhu. Tun 1993 kamfanoni suka haɗu a kan tsari guda na ajiye hotunan nan, mai suna DICOM, don hoton na'urar wannan kamfani ya karantu a kwamfutar wancan.

Har yanzu fa ba a sami zuciya ba, lambobi aka samu. Kwamfuta ba ta san wane tubali ne jini ba, wane ne naman zuciya, wane ne huhu. Tilas a shata iyaka, kamar yadda a ke shata gona tsakanin magada. Da fari da hannu a ke yi: ma'aikaci ya zauna ya bi yanki bayan yanki yana zagaye ɗaki da bango da jijiya, aikin da kan ci sa'o'i masu yawa a kan zuciya guda. Kuma in aka ba mutum biyu hoto ɗaya, iyakokinsu ba sa faɗuwa wuri guda sak, domin gefen nama a hoto ba layi ba ne, dishi-dishi ne. A 2015 masana a jami'ar Freiburg ta Jamus suka fito da wata dabara mai suna U-Net, wadda da ita a ke koya wa kwamfuta shatawa ta hanyar nuna mata hotunan da mutane suka riga suka shata. Yanzu ta kan gama cikin daƙiƙoƙi abin da da ya kan cinye wuni. Amma almajira ce. Abin da malaminta ya biya mata shi ta ke biyawa, da daidansa da kurensa.

Da an gama shata, sai a lulluɓe iyakar da fata ta 'yan kusurwa-uku ƙanana masu haɗe da juna. Dabarar da aka fi sani ta yin haka wasu ma'aikatan kamfanin General Electric biyu, Lorensen da Cline, suka fito da ita a 1987. Fatar kan fito da kaushi kamar matakala, sai a goge ta, wajen gogewar kuwa a kan rage kaurin bango ko a toshe wata 'yar jijiya in ba a yi hattara ba. Sa'an nan a cika cikin naman da 'yan gutsattsari masu fuska huɗu-huɗu, miliyoyinsu, a sarƙe kamar komar masunta. Dalili shi ne ba mai iya warware lissafin zuciya sukutum a tashi ɗaya, amma lissafin ɗan gutsure guda mai sauƙi ne, kowane ya gama nasa ya miƙa wa maƙwabtansa. Haka a da ba a auna dalar gyaɗa gaba ɗaya, buhu-buhu a ke ƙirga ta.

Abin da aka auna, da abin da aka ara

Nan ne zancen ya ke. Hoton ya ba da siffa: girman ɗakuna, kaurin bango, inda jijiya ta ƙuntata, inda tabo ya kwanta. Duk wannan na mara lafiyan ne shi kansa. Amma siffa ba ta bugawa. Kafin kwatancin ya motsa sai an zuba masa ɗabi'a, ita kuwa ɗabi'ar mafi yawanta aro ce.

Naman zuciya zare-zare ne, a nannaɗe hawa bisa hawa kamar naɗin rawani, kowane hawa ya ɗan gitta na ƙarƙashinsa. A 1969 Daniel Streeter da abokan aikinsa a Amurka suka auna kwanciyar zaren nan a zukatan karnuka, suka tarar tana juyawa sannu a hankali, daga misalin digiri 60 ta wannan fuska a cikin bango zuwa misalin 60 ta ɗaya fuskar a wajensa. Shi ya sa zuciya ba matsewa kawai ta ke yi ba, murɗewa ta ke yi kamar mai wanki yana matse riga. Kuma saƙon lantarkin da ke umurtar nama ya matse ya fi gudu ta tsawon zaren bisa ga ta gicciyensa, ninki biyu ko uku. A 1991 jama'ar Peter Hunter a jami'ar Auckland ta Niyu Zilan suka wallafa awon siffar zuciyar kare da kwanciyar zarenta gaba ɗaya, awon da masu lissafi suka daɗe suna dogara da shi. To, hoton da a ke ɗauka yau da kullum a asibiti ba ya nuna zaren nan. Saboda haka a kan shimfiɗa shi cikin kwatancin bisa wata ƙa'ida da aka tsamo daga zukatan dabbobi da na mamata. Rigar ta mara lafiya ce, saƙar ta wani ce.

Lantarkin ma haka. A 1952 Turawan Ingila biyu, Hodgkin da Huxley, suka rubuta da lissafi yadda saƙo ke bin jijiyar wata dabbar teku, ta hanyar shiga da fitar gishirin sodiyam da fotasiyam ta bangon ƙwayar halitta. Wani ɗalibi a Landan mai suna Denis Noble ya ɗauki lissafin nan ya gyara shi don ya dace da zuciya. Kwamfutar jami'ar a lokacin guda ce, manya na rububinta, sai aka ba shi sa'a biyu cikin dare, daga ƙarfe 2 zuwa 4, lokacin da wasu ke barci wasu ke nafila. Da asuba ya wuce mayanka ya karɓo zukatan tumaki na gwajin rana. A 1960 lissafinsa ya fito da bugu mai maimaita kansa, irin na zuciya, ba tare da an sa masa agogo ba. Daga nan wannan fanni ya samo tushe.

Amma akwai abin lura. Lissafin farkon nan bai ƙunshi sinadarin kalsiyam ba, domin ba a gano shigarsa cikin ƙwayar zuciya ba sai a 1967, alhali kuwa shi ne ke sa nama ya matse. Watau lissafin ya buga daidai ko da ya ke wani babban rukuni ya faɗi daga cikinsa. Noble bai ɓoye wannan ba; shi da abokan aikinsa suka sake ginin a 1975, suka kuma sakewa a 1985. Ashe kwatanci ya kan yi kama da gaskiya a zahiri alhali cikinsa da giɓi. Wanda ya ga zuciya mai launi tana bugawa a allon kwamfuta, ja a nan shuɗi a can, ransa ya kan natsu da ita tun bai tambayi kome ba, kuma likitoci ma 'yan Adam ne.

Ƙara da taurin nama, da kaurin jini, da turjiyar ƙananan jijiyoyin da suka fi gashi siranta waɗanda hoto ba ya kaiwa gare su. Duk waɗannan daga littattafai a ke ɗebo su, a ɗan daidaita su da awon hawan jinin mara lafiya da zanen bugun zuciyarsa. Malaman hadisi ba su taɓa isuwa da daɗin matani ba, su kan tambayi wa ya ji daga wa. Kwatancin zuciya yana da irin wannan sarƙa: na'ura ta ba mai shata, mai shata ya ba mai raga, mai raga ya ba mai lissafi, mai lissafi ya ba likita. Rauni a wuri guda ya isa ya raunana hukuncin duka.

Inda aka kai ga amfani

Aikin da ya fi kowane shiga asibiti shi ne na 'yan jijiyoyin nan da Ibnu Nafis ya ce su ke ciyar da zuciya. Manyansu faɗinsu milimita 3 ne ko 4. In maiƙo ya taru a bangonsu suka ƙuntata, mutum ya kan ji ƙirji ya ɗaure in ya hau tudu. Amma ba kowane ƙunci ne ke tauye jini har ya bukaci a buɗa shi ba. Hanyar tantancewa ita ce a zura siririyar waya ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har zuciya, a ba da maganin da ke buɗe ƙananan jijiyoyi, a auna ƙarfin jini gaba da ƙuncin da bayansa. In na baya ya sauka zuwa 80 cikin 100 na gaba ko ƙasa da haka, ƙuncin na cutarwa. Charles Taylor na jami'ar Stanford da abokansa suka kafa kamfanin HeartFlow don su fitar da wannan adadi daga hoton siti kaɗai. A kan aika hoton ta intanet, a shata jijiyoyin, a kimanta yawan jinin da zuciyar ke bukata daga nauyin namanta, a gudanar da lissafin gudun ruwa wanda Navier na Faransa da Stokes na Birtaniya suka kafa a ƙarni na 19, a mayar wa likita da hoton jijiyoyin da adadi a kowane wuri. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 2014, hukumar da ke ba asibitocin Ingila shawara ta bi baya a 2017. Amfaninsa a fili ya ke: wanda lissafi ya wanke ya kan tsira daga zura waya.

Masu ciniki za su gane haɗarin da ke nan da sauri, domin lissafi ne. Wani likitan Faransa, Poiseuille, ya nuna a shekarun 1840 cewa in aka rage faɗin bututu da rabi, turjiyarsa ga ruwa ba ninki biyu ta ke yi ba, ninki 16 ta ke yi. Bisa wannan ƙa'ida, in hanyar da ta rage cikin jijiya milimita 2 ce, mai shata ya kuskure da rabin milimita ya rubuta ɗaya da rabi, turjiyar da za a lissafa ta ninka fiye da sau uku. Rabin milimita kuwa faɗin ɗigo ɗaya ne kurum na hoton. Kalsiyam da ya daskare a bangon jijiya ya kan yi ƙyalli ya ga kamar ya fi girmansa, motsin numfashi ya kan jirkita gefe. Don haka ne a kan mayar da waɗansu hotuna a ce ba su isa a yi lissafi a kansu ba, kuma wannan mayarwar alama ce ta amana, ba ta kasawa ba.

Na biyu ya fi nauyi, domin zancen mutuwar fuj'a ne. In jijiya ta toshe wani sashen nama ya mutu, ya kan bar tabo. Tabo ba ya ɗaukar lantarki, amma a gefensa akwai 'yan lunguna na nama mai sauran rai, inda saƙo ke tafiya a hankali. Wani lokaci saƙon ya kan fito daga lungu ya tarar naman gaba ya huta, ya sake tayar da shi, ya koma lungun ta ɗaya bakin, ya yi ta kewaya kamar dokin masu mazarƙwaila. Sai zuciya ta kama gudu har wajen 200 a minti, ba ta samun cika balle ta tura, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Akwai na'urar da a ke dasawa ƙarƙashin fatar ƙirji, in ta ji haka ta fizgi zuciya da lantarki ta komo hayyacinta. Amma tana da tsada, dasa ta aiki ne, ta kan kuma fizgi mutum a banza. Ma'aunin da likitoci ke bi wajen zaɓen wanda za a dasa wa shi ne yawan jinin da ɗakin hagu ke fitarwa a kowane bugu: lafiyayye ya kan fitar da fiye da rabin abin da ke cikinsa, in ya sauka zuwa 35 cikin 100 sai a dasa. Ma'aunin nan gwargwado ne. Da yawa cikin waɗanda aka dasa wa ba sa taɓa bukatarta, da yawa kuma cikin masu mutuwar fuj'a ma'auninsu bai sauka haka ba.

Natalia Trayanova da jama'arta a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gina kwatancin zukatan mutum 41 masu irin tabon nan daga hoton em-ar-ai, suka riƙa tsokanar kowace da lantarki daga wurare dabam-dabam cikin kwamfuta, su ga wadda saƙo zai kama kewaya a cikinta. A 2016 suka ba da labarin cewa gwajin ya fi tsohon ma'aunin gane waɗanda ciwon ya auka wa daga baya. A 2019 kuma suka yi amfani da irin kwatancin nan ga mutum 10 masu rikicewar bugun ɗakunan sama, ya nuna wa likita wuraren da zai ƙona ta cikin jijiya, irin yadda a ke lalas, don a datse hanyar kewayen. Aiki ne mai ban sha'awa, amma 41 da 10 ba yawa ba ne, kuma na farkon waiwaye ne a kan abin da ya riga ya faru. Har wa yau, yankin hoton em-ar-ai ya kan kai kaurin milimita 8, lungunan nan kuwa sun fi haka siranta. Abin da ke tsakanin yanki da yanki kintace ne, kuma mutum ne ke zaɓen inda toka-tokan hoto ya ƙare tabo ya fara.

Na uku ba ya bukatar lissafin bugu sam. Misalin jariri 1 cikin 100 a kan haife shi da nakasa a zuciya, wani da huda a bango, wani da manyan jijiyoyi a juye, zuciyar jariri kuwa ba ta fi babban goro ba. Daga shatar nan a kan sa wata na'ura ta zuba roba hawa bisa hawa har ta fito da zuciyar a hannu, likita ya juya ta, ya buɗe, ya gwada inda zai ɗinka. A wani bincike na 2017 da ya haɗa asibitoci 10 na ƙasashe dabam-dabam, cikin marasa lafiya 40 masu nakasa mai wuya, likitoci sun sake shawarar yadda za su yi aikin a kan 19 bayan sun riƙe kwatancin. Mai karatu zai tambayi hukuncin sassaƙa sura. Malaman Malikiyya sun ce surar da ta haramta ita ce ta abu mai rai, mai inuwa, cikakkiya, in kuwa ta rasa gaɓar da ba a rayuwa sai da ita ta fita daga haramci. Wannan ko gaɓa guda ce tilo, an yi ta don magani. Fatawa dai ta masu ita ce.

Muƙabala

Mai rubutun Alƙur'ani in ya gama kwafi ba ya miƙa wa mai saye sai an yi muƙabala, wani na karanta asali wani na bin sabon. Masu wannan fanni sun gane ba su da mafita sai irin haka. A 2018 ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta fitar da ƙa'idar tantance kwatancin kwamfuta na kayan asibiti, a 2023 hukumar magunguna ta ƙasar ta fitar da tata jagorar. Tushensu guda ne: a duba ko kwamfuta ta warware lissafin daidai, a gwada amsarta da abin da aka auna a jiki na gaske, a kuma faɗi iyakar kuren da ka iya shiga, gwargwadon girman hukuncin da za a rataya wa kwatancin, gwargwadon tsananin binciken.

Muƙabalar nan ta riga ta tono wani abu. A Birtaniya akwai wata taska mai suna UK Biobank, wadda ta tara bayanan lafiyar mutum 500,000 tsakanin 2006 da 2010, ta kuma fara ɗaukar hotunan jikin 100,000 daga cikinsu a 2014. Da hotunanta aka koya wa kwamfutoci da dama shatar zuciya, mutanenta kuwa fiye da 9 cikin 10 Turawa ne. A 2021 masana a King's College ta Landan suka gwada, suka tarar kwamfutar da aka koyar da irin hotunan nan ta fi kuskure wajen shata zukatan baƙar fata da mutanen Asiya bisa ga na Turawa. Da suka daidaita hotunan koyarwa, tazarar ta ragu.

Ciwo ma yana da ƙasarsa. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bayyana a Zariya yawan kasawar zuciya da ke kama mata wajen haihuwa da lokacin jego, inda ɗakin hagu ke buɗewa ya yi laushi, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara a kwance. Binciken da ya biyo baya a Kano ya tabbatar arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya, alhali a Turai ba kasafai a ke ganinsa ba. Manhajojin shata da na lissafi da yawa kyauta ne, irin su 3D Slicer da SimVascular, kowane ɗalibi mai kwamfuta yana iya sauke su daga intanet. Abin da ba ya saukuwa shi ne hotunan zukatan matan nan. Su sai an ɗauka a inda matan su ke, da yardarsu, likitocin da suka san ciwon su zauna su shata da hannunsu, yanki bayan yanki.